Ɗigon da ke bayan ganyen nan ba ƙwan ƙwari ba ne

Kun dai ga bidiyon da ke yawo a WhatsApp: an juya ganye, ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa a jere. Wasu suka ce ƙwan ƙwari ne, wasu suka ce cuta ce, a ƙona. Kawuna na Birni sau biyu yana tura mini shi. Kawu, a yi haƙuri, ba ko ɗaya.

Ganyen wani tsiro ne da ake kira fujer da Faransanci. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Yakan fito a tsagar dutse, inda ruwa ke tsattsafowa, kuma ana samun irinsa a duwatsun Ayar na arewacin Nijar, cikin gandun Ayar da Tenere da UNESCO ta sa a jerin wuraren gadon duniya a 1991.

Ɗigon nan 'yan jakunkuna ne cike da wani gari mai laushi kamar ƙura. Su bushe, su fashe, iska ta kwashe.

To, a nan ake yin kure. Mutane sun ɗauka garin nan iri ne kamar gero, a zuba ya fito. A'a. In ya faɗa wuri mai danshi, wani abu daban ke fitowa. Ku duba da kyau. Ɗan kore, falle ɗaya, siffar zuciya, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ko ni da na fara ganinsa, gansakuka na zata. A ƙarƙashinsa ake samun ƙwayar namiji da ta mace, kuma ta namijin iyo take yi. Iyo na gaske! Sai da ɗan ruwa a jikin ƙasa za ta isa wurin ta macen. Bayan sun haɗu ne fujer ɗin da muka sani ke tsirowa, ɗan koren ya shanye.

Yanzu ku tuna Damagaram: damina wata uku zuwa huɗu, sauran rana da hunturu. Ina mai iyo zai samu ruwa?

Akwai dai wani ɗan'uwan fujer mai wayo, marsiliya, a tafkunan damina na Sahel. Ganye huɗu a kai ɗaya. Shi ɓoye garinsa yake cikin ƙwanso mai tauri kamar ƙwayar wake, ya kwanta a busasshen taɓo shekaru yana jiran ruwa. In tafki ya cika bana, ku tsuguna a baki ku duba, kafin shanu su tattake wurin.