Jawabin Maraba ga Jagoran Tawagar Katsina a Buɗe Rangadin Tarihi na Ƙasar Iyaka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe, babban baƙonmu, jagoran tawagar da ta taso daga Katsina. Wakilan hukumomin jaha. Wakilan fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da na fadar Sarkin Gobir na Tsibiri. Malamanmu, iyayenmu mata, ɗalibai da sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin kwamitin da ya shirya wannan rangadi, ina yi maka barka da zuwa Maraɗi, kai da 'yan rakiyarka. Sannunku da hanya, sannunku da zaman jira a Jibiya da Ɗan Isa. Tsakanin Katsina da nan bai cika kilomita ɗari ba, amma mun san takardu kan sa tafiyar ta yi tsawo. Kun taso daga Katsina ɗakin kara, tudu garin Ɗan Marna, kun sauka a garin da sarkinsa har yau Sarkin Katsina ake ce masa. Saboda haka idan wani ya kira ku baƙi, ku yi masa uzuri, al'adar taro ce. Zumunci a ƙafa yake, kuma ku kuka riga mu tako ta.

Allah ya ja zamaninka, kafin mu hau mota ya kamata in faɗa maka irin labarin da masu yi muku jagora za su ba ku, domin akwai maganar da aka saba yi a irin wannan zama, wato Bature ne ya zo ya raba mu. Akwai gaskiya a cikinta, amma ba ta cika ba. Kafin Bature ya auna ko taku ɗaya a ƙasar nan, akwai iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina, kuma da mashi da kibiya aka shata ta. Mun umarci yaranmu su faɗi wannan a gabanka ba tare da kwana-kwana ba, don mun san ba ka zo a yi maka daɗin baki ba.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soma a 1804. Cikin 'yan shekaru birnin Katsina ya koma hannun masu tuta, Ummarun Dallaje ya zama sarki, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Gidan sarautar Katsina na dā ya yi arewa. Sarkinsu Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama, wanda ya gaje shi, Ɗan Kasawa, ya nemi mafaka a ƙasar Damagaram, ya yi shekaru a can. Mutanen wannan kwari ne suka tayar wa wakilin sabuwar daula, suka kira Ɗan Kasawa, ya zo ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajejen 1819. Ya zo da tsarin fada ɗungurungum. Yau da yamma idan muka shiga fada za ka ji ana kiran Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, sarautun da ka sani tun kana yaro, za ka kuma ji labarin Iya, wadda al'amuran mata da na bori ke hannunta. Wanda ya san fadar Katsina zai riƙa gyaɗa kai, yana gane abin da aka riƙe a nan aka saki a can, da abin da aka riƙe a can aka saki a nan.

Daga fada za mu gangara kwari mu nuna maka inda tsohon garin yake. Ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta cinye shi, aka tayar da mutane zuwa kan tudu, shi ya sa titunan Maraɗi ta yau suke a miƙe kamar an ja su da zare. Babu wani gini mai tsawo da za a nuna maka a can ƙasa, sai gonaki da lambuna da itatuwan mangwaro. Dattawan unguwa za su tsaya su ce maka nan ne ƙofa take, nan ne kasuwa, kai kuwa albasa da tumatir kake gani.

Gobe da safe sai Tsibiri, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gamu da rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye a Gawakuke, ya ci su da yaƙi, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda duk suka kwanta a wurin. Bayan wannan karo ne Gobirawa suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Mayaƙi, kusa da 'yan'uwansu na Maraɗi, don su riƙa kare juna. Ba su ajiye makami ba. Shekara da shekaru rani na yi sai a ɗaura sirdi, kuma a zamanin Sarki Ɗan Baskore hare-haren Maraɗi sun kai har bakin ganuwar Katsina. Daular Sakkwato ita ma ta jera ribaɗi, wato garuruwan tsaro, a gefenta. Ƙauyukan da ke tsakani suka watse, ƙasar ta koma daji. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya ratsa wannan daji cikin ayari da fargaba, ya kuma tarar kasuwancin Katsina ya ja baya, Kano ta karɓe. Ranka ya daɗe, kakanninka da kakannina ne a ɓangarorin biyu na wannan daji. Babu wanda za mu wanke, babu wanda za mu shafa wa baƙin fenti. Za mu faɗi wanda ya kai hari da wanda aka kama aka sayar, domin duka ɓangarorin sun yi.

A Tsibiri ina roƙon ka lura da fuskokin tsofaffin da za su tarbe ka. Tsagar da ke kumatunsu ita ce za ka gani a Sabon Birni da Isa. Idan kuma ka ji wani Bazabarme a cikin direbobinmu yana zagin Gobirawa a ƙofar fadarsu ana dariya, kada ranka ya ɓaci, wasan da ke tsakaninsu ne, kuma ba a shiga.

Za mu ratsa Madarunfa kafin azahar, ka ga tafkin da masunta a kan gora, da makwantan waliyyai casa'in da tara da ake cewa sun kewaye shi.

Yanzu ga zuwan Turawa. A 1890 Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka ja layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, alhali babu ɗayansu da ke mulkin ko ƙauye ɗaya a tsakani. A 1898 suka sake zama, aka kafa tsinke a kan Sakkwato aka zagaya da baka mai nisan mil ɗari, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Da Faransawa suka zo bin rabonsu daga kogi zuwa Damagaram sai suka tarar an tura su cikin ƙasar da babu rijiyoyi, ayarinsu ba ya iya wucewa da rani. Ƙishirwa ce ta maido su teburin ciniki. Yarjejeniyar 1904 da ta 1906 suka gangaro da layin kudu, Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Katsina da Daura suka zauna hannun Ingila. Daga 1906 zuwa 1908 Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi, ƙarafunan nan da mutanen karkara ke kira tangaraho. Masarautar Maraɗi dai ba ta taɓa bin Sakkwato ba. To ka ga a wannan yanki layin Bature kusan sawun tsohon dajin yaƙi ya bi. A wasu wuraren kuwa, musamman ƙasar Daura, ya ratsa tsakiyar dangi ne kawai, gona a Nijar, rumbu a Najeriya.

A hanyar Damagaram za mu tsaya a Mai Jirgi, gabas da Tasawa. Nan kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa biyu da suka jagoranci ayarin da ya ƙone garuruwa tun daga bakin kogi a 1899. Su ne suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, su ne suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Da gwamnatinsu ta aiko Kanar Klobb ya tsayar da su, suka sa aka harbe shi a Dankori, bayan 'yan kwanaki sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su. Kaburburan ba su da wani kwarjini, za ka iya wuce su ba ka sani ba. Mun sa su cikin rangadin ne saboda yaranmu sun fi sanin sunan waɗannan biyu a kan sunayen garuruwan da suka ƙone, kuma mai jagora zai karanto sunayen garuruwan a wurin.

Damagaram ita ce inda za mu fi daɗewa, kuma ta cancanta. Ta taso tana kai gaisuwa Barno, har ta yi ƙarfin da Barno ba ta iya tanƙwara ta. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙeransa suka ƙera igwa, ya mai da garin zangon ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ta Agadas zuwa Kano. Unguwar Zango, inda fataken Buzaye ke sauke raƙuma, tana nan. A Birni za ka bi lunguna tsakanin manyan duwatsu, ka ga gidajen ƙasa masu zanko da zanen da magina suka yi wa fuskar zaure da hannu, wani an shafe shi da shuɗi da ja, wani damina ta fara cin gefensa. A wannan gari aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a shekarar da ta biyo Faransawa suka ci Damagaram a Tirmini. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin mulkinsu kafin su mayar da shi Yamai. Daular Barno da ta Damagaram da ta Faransa duk sun bar sawu a cikin tafiyar da ba ta fi sa'a guda a ƙafa ba.

Daga can sai mu yi kudu ta Matamai, mu raka ku har Kwangwalam, ku shiga Daura ku sha ruwan Kusugu. Daga nan jagoranci ya koma hannunku. A Daura ma jihadi ya kori gidan sarauta zuwa Zango da Ɓaure, sai dai Ingilishi sun maido da shi a 1906, shekarar da suka naɗa Muhammadu Dikko a Katsina. Muna so mu ji yadda malamanku ke ba da wannan labari, don na tabbata akwai inda ba za mu yarda da juna ba, kuma ɗalibanmu su ji gardamar da kunnensu.

Allah ya ba ka nasara, ba a tarbar babba a sallame shi ba a kai kuka ba. Talakan ƙasar nan bai taɓa ɗaukar layin nan da nauyi ba. Lokacin aikin tilas da harajin Faransa, kafin a soke aikin a 1946, ƙauye guda kan kwashe cikin dare ya tsallaka. Gyaɗar Maraɗi ta yi shekaru tana bin jirgin ƙasan Kano. Je ka kasuwa yau ka ga ɗan canji da damin naira a hannun dama, sefa a hagu, ba ya ko duba ƙasa. Amma rufe iyakar 2019 da ta 2023 sun nuna mana cewa layin na iya cizo. Mun ga motoci jere sun yi makonni, mun ga wanda aka yi wa rasuwa a tsallake ya rasa hanyar zuwa gaisuwa sai ta bayan gari a kan babur.

Kukanmu na farko tsaro ne. Tsohon dajin nan, daga Baban Rafi zuwa Rugu, ya sake zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, shi ya sa akwai wuraren tarihi da muka cire daga wannan rangadi, kuma duk tafiyarmu da rana za a yi ta. Muna roƙon ka kai wannan magana inda muryarmu ba ta kaiwa. Sannan muna so a sauƙaƙa wa ɗalibai da malamansu tsallakawa da takarda ɗaya ta makaranta, ɗan Maraɗi ya je ya hau Gobarau, ɗan Katsina ya zo ya ga Tsibiri. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, wannan bai fi ƙarfinta ba. Akwai kuma maganar tsofaffi. Maroƙan fada da makaɗan da suka haddace jerin sarakuna suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma littattafan da aka rubuta game da mu rabi da Faransanci suke, rabi da Ingilishi, ɗalibin nan ba ya karanta na can. Idan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da takwarorinta na Katsina suka haɗa hannu aka ɗauki muryoyin nan aka rubuta da Hausa, kowa zai karanta. Jirgin ƙasan da ake shimfiɗa wa hanya daga Kano zuwa nan tun 2021 zai kawo baƙi, muna so ya tarar da masu jagora da suka san abin da suke faɗa.

An tanadi masauki, an kuma tanadi fura da kilishi, kada wanda ya ce mana yana da ƙoshi. Bayan la'asar motoci za su jira a ƙofar masauki don zuwa fada. Allah ya sa mu fara lafiya mu gama lafiya, ya mayar da ku gida cikin aminci, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Ranka ya daɗe, barka da zuwa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.