Gidan Zoo na Kano: Ƙari Muke Nema, Ba Musaya Ba

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da aka sake tayar da maganar kwashe Gidan Zoo daga tsakiyar birnin Kano, sai mutum ya rasa inda zai sa kansa don takaici. A shekarar 2020 gwamnatin jihar ta bayyana shirin mayar da gidan zuwa garin Tiga da ke nesa da birnin, bisa hujjar cewa gidaje sun kewaye shi, hayaniya kuma tana takura wa dabbobi. To, wa ya ba da filayen da aka gina gidajen? Lokacin da marigayi Audu Bako, gwamnan jihar na wancan lokaci, ya keɓe wannan wuri a farkon shekarun 1970, bayan gari ne, gari ne ya zo ya tarar da shi.

Abin da Kano take bukata shi ne ƙarin fili mai kariyar doka, ba musayar wani da wani ba. Idan ana son gandun daji a Tiga, madalla, a yi shi, amma a bar na cikin gari yadda yake, a kuma keɓe wasu filayen a gaɓar kogin Challawa tun kafin masu yanka fuloti su kai can. Birnin Nairobi ya riƙe gandun dajinsa mai faɗin murabba'in kilomita 117 tun 1946, har ana hango dogayen benaye daga inda raƙuman dawa suke kiwo, kuma bai hana shi bunƙasa ba.

Masu cewa fili a Zoo Road ya fi ƙarfin zaman namun daji, su je wurin ranar yawon Sallah. Za su ga uba ya sauko daga adaidaita sahu da yara biyar cikin sababbin kaya, ƙaramin yana maƙale a kafaɗarsa yana neman kejin zaki. Wannan uban ba shi da motar zuwa Tiga, kuma inuwar manyan bishiyoyin nan ita ce kaɗai wurin shan iskar da aljihunsa zai iya.

Mun ga yadda aka cike kududdufai aka dasa shaguna, ruwan damina ya rasa mafaka ya koma cikin ɗakunan mutane. Mun ga yadda gine-gine suka cinye badala. Ƙari muke nema, kuma a rubuta iyakokinsa cikin doka, yadda babu gwamnan da zai wayi gari ya raba shi da alƙalami.