Amsoshin Tambayoyinku: Madobiya da Shuɗin Gizo-gizon Indiya

Masu sauraro barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito ne daga wata ɗalibar sakandare a Jalingo. Ta ce an ba su aikin gida su kwatanta wani tsiro mai fure da ƙaton gizo-gizon nan mai gashi, wato tarantula, ta fuskar dangi da barazanar ƙarewa, amma ta rasa ta ina za ta fara.

To malama, fara da abin da ke jiharku: madobiya, wadda 'yan katako a Taraba ke ce wa madrid. Masana na kiranta Pterocarpus erinaceus, kuma danginta ɗaya da wake da gyaɗa. Da rani takan kaɗe ganye, ta cika da fure ruwan ɗorawa.

Shi kuwa tarantula dabba ne, ajinsa ɗaya da kunama da kaska. Ƙafarsa takwas, don haka kada ki jera shi da su fara masu shida. Nau'insa ya haura 1,000. Ki zaɓi ɗaya, misali Poecilotheria metallica, shuɗi shar, mai zama cikin kogon bishiya a wani ɗan daji na jihar Andhra Pradesh ta Indiya.

A dangi dai sun yi hannun riga, sai dai ma'auni ɗaya ake ɗora su, wato jadawalin halittu masu fuskantar ƙarewa na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya. A can madobiya na rukunin masu fuskantar haɗari. Gizo-gizon ya fi ta shiga uku, tun 2008 yake rukunin da ke gab da ƙarewa. Ana sare masa daji don itacen girki da katako, ga masu kama shi suna sayar wa masu kiwonsa a Turai da Amurka. Eh, kiwo, a akwatin gilashi!

Madobiya kuwa kasuwar Sin ce ta ja mata. Ana loda gungumenta a tirela zuwa tashar jirgin ruwa, a kai Sin a yi kayan ɗaki masu tsada. Makiyayin da ke sassabo wa shanunsa ganyenta da rani shi aka bari da asara. CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa wa cinikinta takunkumi daga 2017, na gizo-gizon kuma a 2019.

Ki kula, yawancin tarantula ba a ma tantance halin da suke ciki ba, saboda haka ki rubuta cikakken sunan nau'in da kika zaɓa.