Tagwaye, kunu ɗaya, amma tamowa ta zaɓi ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa, Marwa, Kuseri har zuwa Njamena.

Tagwaye ne, nono ɗaya suka sha, kunu ɗaya ake dama musu, sai tamowa ta kama ɗaya ta ƙyale ɗan'uwansa. Me ya raba su?

Masana sun bi tagwaye a Malawi, suka fitar da sakamako a 2013. Sun ɗebi bakteriyar da ke cikin bayan gidan yaron da ya kamu, suka sa wa ɓerayen da aka raina ba ƙwayar komai a hanjinsu, suka ciyar da su irin abincin ƙauyukan can. Ɓerayen suka rame. Ashe dubban biliyoyin ƙananan halittun da ke hanjinmu suna da hannu a ciki.

To amma sanin sunayensu bai wadatar ba. Ana so a san me suke yi, da yadda jiki ke mayar musu da martani. Shi ya sa ake ɗaukar samfuri biyu daga mutum ɗaya. Bayan gida ya nuna su waye a ciki, da sinadaran da suke fitarwa. Jini kuma ya nuna furotin ɗin jiki da alamun kumburi. Ana maimaita ɗibar wata da watanni, kwamfuta ta jera su, a ga wanne ya fara canjawa. Babban aikin nazarin ƙananan halittun da ke jikin ɗan Adam da Amurka ta soma a 2007 ya bi wannan hanyar daga baya kan ciwon sukari, kumburin hanji da haihuwar bakwaini.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Bangaladash. An haɗa abinci da gyaɗa, waken suya, ayaba da wani irin wake, don ciyar da bakteriyar da ke taimakon girman yaro. A sakamakon 2021, yara masu tamowa da aka ba wannan abincin sun fi waɗanda aka ba abincin tamowa da aka saba saurin ƙara nauyi, furotin masu alaƙa da ginin ƙashi da ƙwaƙwalwa kuma suka ƙaru a jininsu.

Sai dai a yi hattara, ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifar da ɗaya. Kuma yawancin samfuran da aka tara daga Turai da Amurka suke. Hanjin da ya tashi da gero, dawa, kindirmo da miyar yakuwa bai shiga lissafi sosai ba, ga shi samfurin yana son daskarewa mai tsanani, a garuruwan da zafin Afrilu ke haura digiri 40.