Daga Ina Za a Fara Awo? Rigimar Bishiyoyin Bakin Rafi a Amurka

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Zainab ce tare da Malam Habu da Nura. Yau Amurka muka nufa, amma ba maganar zaɓe ba ce. Bishiyoyin bakin rafi da bakin fadama za mu tattauna, da dokokin da jihohi da ƙananan hukumomi suka kafa don hana sare su. Malam, da gaske ne mutum zai sayi fili da guminsa, a ce masa ƙafa 100 daga bakin ruwa ba shi da ikon yin gini?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Da gaske ne, Zainabu. A jihar Maryland tun 1984 suke da wannan doka. Duk ƙasar da ke cikin ƙafa 1,000 daga ruwan da teku ke turowa, hukuma ta sa mata ido, kuma ƙafa 100 na farko ba a gini a ciki. Itace ma in za ka sare sai da izini, kuma galibi sai ka dasa wani a madadinsa. Maƙwabciyarta Virginia ta yi tata a 1988, ita ma ƙafa 100.

Nura: Malam, ƙafa 100 fa tsawon fuloti guda ke nan a wajenmu. Ka sayi fili biyu a jere, a ce ɗaya na bishiya ne.

Malam Habu: Haka yake. Shi ya sa har gobe ake kai ruwa rana a kai.

Zainab: To me ya kai su?

Malam Habu: Mashigin tekun Chesapeake, wanda Maryland da Virginia suka kewaye. Ruwan sassan jihohi shida da na birnin Washintan duk can yake zubewa. Da ƙaguwa da kawa wurin ya yi suna, masunta da yawa da su suke ci. Sai ya zamana takin zamani daga gonaki, da kashin kaji da na shanu, da laka, duk ruwan sama na kwasowa yana zubawa a ciki. Takin nan kuwa yadda yake ciyar da masara haka yake ciyar da gansakuka. Ta yi yawa, ta mutu, ta ruɓe a ƙasan ruwa, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Duk lokacin zafi akwai yankin da kifi ba ya iya zama a ciki.

Nura: To bishiya me za ta yi wa taki? Ba rariya ba ce.

Malam Habu: Je ka tsaya a gindin kurmi lokacin da ake ruwa. Busasshen ganyen da ya taru a ƙasa yana rage wa ruwa gudu, lakar da ya ɗauko sai ta kwanta a nan, ba ta kai rafi ba. Ruwan da ya nutse kuma sai ya bi ta cikin saiwoyi, su zuƙe wani ɓangare na sinadarin naitirojin. A ƙasa mai laima akwai ƙwayoyin halitta da ke mayar da shi iska ya tashi sama. Ga inuwa, tana hana ruwa ɗumama. Ga saiwa tana riƙe gaɓa kar ta zabtare. Dokar Virginia ma ta sa lissafi, ta ɗauka cewa ƙafa 100 na tare kashi 75 cikin 100 na laka, da kashi 40 na sinadaran taki.

Zainab: Wannan adadi na ƙafa 100, daga bincike ya fito ko dai an ga lamba ce mai daɗin faɗi?

Malam Habu: Akwai bincike a bayansa. Wata cibiyar nazarin ruwa a Pennsylvania, Stroud, masananta biyu, Bernard Sweeney da Denis Newbold, sun tattara binciken da aka yi a 2014, suka ce ƙaramin rafi na buƙatar aƙalla mita 30 na kurmi a gefensa. Kusan ƙafa 100 ke nan. Amma ki duba abin da jihohi suka rubuta. Carolina ta Arewa, bayan kifaye sun yi ta mutuwa a kogin Neuse a 1995, ta sa ƙafa 50 a 1997: 30 na farko ba a taɓawa, 20 na baya a bar ciyawa. Jojiya ƙafa 25, sai rafukan da ke da kifin trout mai son ruwan sanyi, su 50. New Jersey kuwa a rafukanta mafiya tsabta har ƙafa 300. Ba ruwan ne ya bambanta haka ba. Abin da majalisa ta iya zartarwa ne ya bambanta.

Nura: Ni abin da ban gane ba, ina gwamnatin tarayya? Ba su da dokar ruwa ne?

Zainab: Suna da ita, ta 1972. Amma ruwan take karewa, ta hana zuba ƙazanta ta bututu, ta hana cike fadama ba izini. Busasshiyar ƙasar da ke gefe kuwa, yadda za a yi amfani da ita hurumin jiha ne da ƙaramar hukuma. Ko ba haka ba, Malam?

Malam Habu: Haka ne. Kuma a watan Mayun 2023 Kotun Ƙoli ta ƙara rage hannun tarayya, a shari'ar iyalin Sackett na jihar Idaho. Ta ce fadamar da ruwanta bai haɗe da kogi ko tafki a sarari ba, ta fita daga dokar tarayya. Daga nan kowace jiha ta kama gabanta. Colorado ta yi sabuwar doka a 2024 don ta cike giɓin. Carolina ta Arewa kuwa a 2023 ɗin majalisarta ta ce kariyar jiha ba za ta wuce ta tarayya ba.

Zainab: Ni dai labarin Jojiya ne ya tsaya min a rai. Ba shi Nura ya ji.

Malam Habu: Yauwa. Dokarsu ta hana zaizayar ƙasa ta ce a bar ƙafa 25. To daga ina za ka ɗora tef ɗin awo? Dokar ta ce daga inda gudun ruwa ko igiyarsa ya tumɓuke tsiro. Ka san rafi mai gudu, in ka tsaya a bakinsa za ka ga layi ƙarara: nan ciyawa ta ƙare, nan yashi da tsirarar saiwa suka fara. Daga wannan layi ake ƙirgawa.

Nura: Ai wannan ya yi daidai. Kowa zai gani da idonsa.

Malam Habu: A rafi. To fadama fa? Ruwan fadama kwance yake, ba ya gudu, ba ya tumɓuke komai. Ciyawa na tafiya a hankali har ta shige cikin ruwa, babu layi. A watan Afrilun 2014 shugaban hukumar kare muhalli ta jihar, Judson Turner, ya fitar da takarda cewa inda babu wannan layi babu ƙafa 25. A rana ɗaya fadamun gishiri na gaɓar tekun Jojiya suka rasa kariyar da suka daɗe da ita.

Zainab: Kuma ranar 22 ga Afrilu ce, ranar bikin kare muhalli da ake kira Earth Day.

Malam Habu: Abin da ya ƙara fusata mutane ke nan. A lokaci guda akwai shari'a a kan wani tafkin kamun kifi da ƙaramar hukumar Grady ke son ginawa a rafin Tired Creek, wanda zai shanye fadamu. Ƙungiyoyin kare koguna suka ce dokar ta shafi duk ruwan jiha. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya. A 2015 Kotun Ƙolin Jojiya ta juya hukuncin, ta ce abin da aka rubuta shi za a bi: ba layi, ba awo. In ana son gyara, a je majalisa.

Nura: Sun gyara?

Malam Habu: Rabi. A 2015 ɗin majalisa ta mayar wa fadamun bakin teku ƙafa 25 ɗinsu, da nasu wurin fara awo. Hukuncin kotun ya ci gaba da aiki a kan fadamun ruwan daɗi na cikin ƙasa. Ni a ganina wannan ya fi yawan ƙafafun muhimmanci. Mutane na ta jayayya a kan 25 ko 100, alhali rabin jimla a kan wurin ɗora tef ta isa ta fitar da fadama sukutum daga doka.

Nura: To ni bari in tsaya wa manomi, don na ga ku biyun kun haɗe min kai. Ƙasar bakin ruwa ita ce ƙasa mafi albarka. Duk wanda ya san noman fadama ya san haka. Ka ce wa mutum ya bar ta, kuma haraji yana kansa. Wa zai biya shi?

Zainab: Abin da manoman Minnesota suka ce ke nan.

Malam Habu: Su kam sun faɗa da ƙarfi. Gwamna Mark Dayton ne ya kawo dokar a 2015. Abin mamaki, daga taron mafarauta maganar ta taso, suna kukan wani tsuntsu ɗan uwan fakara da suke farauta yana ƙarewa saboda babu ciyawar da zai ɓuya. Dokar ta ce a bar ƙafa 50 a matsakaici a bakin koguna da tafkuna, kar ya gaza 30 a ko'ina, sannan ƙafa 16 da rabi a bakin magudanan ruwa na hukuma. Ba lallai bishiya ba, ciyawa mai daɗewa ma ta wadatar, kuma kana iya yankan ta ka ba dabbobi. Duk da haka manoma suka ce ƙwace ne ba diyya. A farkon 2016 gwamnan ya janye batun magudanan da manoma suka haƙa na kansu.

Nura: Kuma na karanta cewa gonakinsu da yawa akwai bututu a binne a ƙasa da ke janye ruwa ya zuba a rafi kai tsaye. To ruwan ya bi ta ƙarƙashin ciyawar ke nan, bai ko gaishe ta ba.

Malam Habu: Wannan gaskiya ce, ba zan musa ba. Laka da ke bin saman ƙasa za a tare, amma naitirojin da ke cikin bututu ya wuce abinsa. Inda na rabu da kai shi ne maganar ƙwace. Filin naka ne, ba a karɓe ba. An dai hana ka turo lakarka cikin ruwan da na ƙasa da kai zai sha.

Nura: Amma akwai iyaka, Malam.

Malam Habu: Akwai, kuma kotu ta shata ta. A 1994, shari'ar Dolan da birnin Tigard a jihar Oregon. Wata mata mai shagon kayan famfo da na lantarki ta nemi izinin faɗaɗa shago. Birni ya ce sai ta sallama masa gefen filinta na bakin rafin Fanno, da hanyar keke. Kotun Ƙoli, alƙalai 5 a kan 4, ta ce abin da hukuma za ta nema dole ya yi daidai da girman illar da ginin zai jawo. Kotun ta kuma tambaya, in ambaliya ake gudu, me ya hana a ce kar ta yi gini a wurin kawai, filin ya zauna a hannunta?

Zainab: Amma akwai inda ake biyan manomi, ko?

Malam Habu: Akwai shirin ma'aikatar gona ta tarayya da jihohi, ana ba manomi kuɗin haya shekara 10 zuwa 15 ya dasa itatuwa a bakin rafi. Da farko abin ya tafi da gudu. Jihohin Chesapeake sun yi alkawari a 1996 za su dasa mil 2,010 kafin 2010, suka cika tun 2002. A 2014 suka ce mil 900 duk shekara, sai aka yi ta shekaru ba a kai ko kusa ba. In farashin masara ya tashi, kuɗin haya ba ya burge kowa. Kuma dashe ba ya tsayawa a ranar dashe. Barewa na cin ganye, ɓeraye na gaigayar gindi, sai an saka wa kowane dashe bututun roba, a yi ta nome kewayensa shekaru kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Zainab: Wa ke zagayawa ya ga an bi dokar? Jiha ba za ta iya bin kowane rafi ba.

Malam Habu: Yawanci ƙananan hukumomi. A Massachusetts garuruwa ke da kwamitin kula da muhalli, mutanen gari ne, mafi yawansu aikin sa kai suke yi. In za ka yi aiki cikin ƙafa 100 daga fadama, ko ƙafa 200 daga kogi bisa dokar 1996, gabansu za ka je da zanen filinka, a zauna a bainar jama'a, maƙwabta su zo su faɗi ra'ayinsu. A cikin manyan birane irin Boston ƙafa 200 ɗin ta koma 25, don an riga an gine bakin ruwan. Garuruwa da yawa kuma sun ƙara tasu dokar da ta fi ta jiha tsauri.

Nura: Wato maƙwabcinka ne zai hana ka gina ɗakin ajiya.

Zainab: Ko ya ba ka izini don kuna gaisawa.

Malam Habu: Duka biyun na faruwa. Izinin keɓancewa, wato a ɗage wa mutum dokar a filinsa shi kaɗai, shi ne ƙofar da ake bi. Wannan ya ce filinsa ƙarami ne, wancan ya ce itacen ya tsufa zai faɗo wa gida, wani kuma ya sare da dare don ya riƙa hango ruwa daga falo, ya biya tara da safe. Maryland a 2008 ta ƙara tsaurara hukunci, ta kuma kai ƙafa 200 ga sabbin rukunin gidaje a yankunan da ba a cika gini ba.

Nura: Ni dai har yanzu ina nan a kan a biya manomi.

Malam Habu: A biya shi, ban ƙi ba. Amma in haya ta ƙare bayan shekara 15 ya sa gatari fa?

Nura: Sai a sabunta.

Zainab: To ku ƙarasa a waje, lokaci ya cinye mu. Masu sauraro, ku aiko mana da ra'ayinku a kan wanda ya kamata ya ɗauki asarar. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.