Yadda Johor ta cika da cibiyoyin ajiyar bayanai

Akwai wata gada. Tsawonta kilomita ɗaya ne da 'yan kai, ta haɗa Singafo da jihar Johor ta ƙasar Malesiya. A 2019 gwamnatin Singafo ta dakatar da ba da izinin gina sababbin cibiyoyin ajiyar bayanai, saboda fili ya yi mata kaɗan, ga cibiyoyin da shan wuta. Ba ta sassauta ba sai 2022. Masu zuba jari kuwa ba su tsaya jira ba, suka tsallaka gada. Fili ya fi araha a Johor, wuta ma haka, kuma ta wayar faiba saƙo yana isa Singafo kafin ƙiftawar ido. Nan da nan gine-gine suka tashi a Sedenak da Nusajaya da Kulai.

To, me ke cikin ginin? Kantoci ne na ƙarfe jere reras, kowanne cike da kwamfutoci. Kanta ta gargajiya tana jan kilowat 5 zuwa 10. Ta ƙirƙirarriyar basira, irin sababbin da kamfanin Nvidia ke haɗawa, tana haura kilowat 100. Shi ya sa ba a auna girman cibiya da faɗin fili, da megawat ake aunawa.

Wutar kuma ba a yarda ta yanke ko na daƙiƙa ɗaya. In layi ya faɗi, batura ke riƙe kaya nan take, janaretocin dizal su tashi cikin kamar daƙiƙa 10. Kullum ana ajiye na'ura ɗaya fiye da buƙata. Inda aka fi samun matsala shi ne wurin sauyawar: batir ya tsufa ba a gwada ba, ko man ya daɗe a tanki ya lalace. A 2023 kamfanin wutar Malesiya, TNB, ya fito da tsarin rage wa cibiyoyin jiran haɗa layi daga shekara uku ko huɗu zuwa wata 12.

Sai ruwa, kuma nan gizo ke saƙa. Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Johor wuri ne mai zafi da laima duk shekara, iskar waje ba ta isa ta sanyaya komai. In da hasumiyar sanyaya ake aiki, wato wadda ke fitar da zafi ta hanyar tururin ruwa, kowane megawat yana tururar da kusan lita 1,500 a awa. Cibiya mai megawat 100 ke nan ta haura lita miliyan uku da rabi a yini, ban da wanda ake zubarwa don kada gishiri ya toshe bututu. Ga shi kogin Johor tun yarjejeniyar 1962 Singafo ma tana ɗiba daga cikinsa.

A 2024 gwamnatin jihar ta kafa kwamitin tantance masu neman izini, ta fara mayar da wasu. Yanzu kafin a sa wa kamfani hannu, sai ya nuna inda zai samo ruwansa da wutarsa.