Sharhi: An Ce a Koyar da Turanci, Amma Wa Ya Horar da Malamin?

Jama'a masu saurare, a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa, wadda aka amince da ita a 2022 zamanin tsohon minista Malam Adamu Adamu, ya ce daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan lamarin, amma abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka manta da malamin da zai tsaya gaban allo ya aiwatar da umarnin.

A duba ɗan aji ɗaya a Tangaza ko Gudu ko Kebbe a jihar Sakkwato. Ya taso da Hausa, wani da Fulatanci, wani da Zabarmanci, kuma bai taɓa haɗa jimla ɗaya da Turanci ba. Malaminsa yana da takardar shaidar malanta ta NCE, ya karanta lissafi, ya ci jarrabawar Turanci, to amma a ina aka koya masa yadda zai fahimtar da yaro rabawa da ninkawa cikin harshen da yaron ba ya ji? Iya Turanci daban, iya koyar da lissafi da Turanci ga wanda bai ji Turanci ba daban. Shi ya sa malami yake cika allo da rubutu, yara su yi ta maimaitawa da ƙarfi har su haddace, amma da an sauya tambayar kaɗan sai aji ya yi tsit.

Wannan sana'a ce, kuma koyonta ake yi. Dole malami ya san kalmomi nawa sababbi yaro zai iya ɗauka a darasi guda, ya san yadda zai yi amfani da tsakuwa da kara da zane kafin ya kawo kalmar, ya san lokacin da ya kamata ya yi bayani da Hausa da lokacin da zai koma Turanci ba tare da jin ya yi laifi ba. Dole kuma ya iya gane ko yaro ya faɗi tambaya ne don bai iya lissafin ba, ko kuwa don bai gane abin da aka tambaye shi ba. Mu Sakkwatawa ba baƙin wannan aiki ba ne, domin a zaurukanmu malami yana karanta Larabci gaɓa-gaɓa yana fassarawa da Hausa har ɗalibi ya tsaya da ƙafarsa, kuma shi ma wurin malaminsa ya koyi wannan salo.

Masu cewa harshen uwa ne ya jawo faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO su yi mana lissafi: yaron da ya shiga firamare a 2022 ko sakandare bai kai ba. Wannan hujja ba ta tsaya ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara 6, ya yi nasara ne tare da malamai da aka horar na musamman don koyar da Turancin. Ko can ɗin, malami ne ginshiƙi.

Haba jama'a! Ana sauya manufa daga Abuja, malami kuwa ko a tambaye shi. Kuma kada a zo mana da bitar kwana uku a otal, a raba alawus da jaka a watse, a ce an horar da malamai. Ya kamata hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa ta sanya koyarwa da harshe na biyu cikin manhajar NCE ga kowane ɗalibi, ko kimiyya yake karantawa ko lissafi. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, da makarantar horar da malamai ta Shehu Shagari a nan Sakkwato, da tsangayar ilimi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su haɗa hannu da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a bi malaman da ke bakin aiki a ƙananan hukumomi 23 har cikin azuzuwansu, a zauna a ga darasi, a gyara, a kuma dawo zango mai zuwa a duba ko gyaran ya zauna.